Kujera ɗaya, tikiti biyu: yadda muka kamo matsalar rige-rige kafin wa'adi ya cika

Aikin da aka ba mu shi ne manhajar sayar da tikitin wani babban taro, irin wadda mutum zai buɗe taswirar zauren a wayarsa, ya zaɓi kujerar da ta yi masa, ya biya, a turo masa tikiti. Masu taron sun riga sun shelanta ranar da za a buɗe sayarwa har da ƙarfe nawa, saboda haka wa'adin ba irin wanda ake zama a roƙi ƙari ba ne. Mu kaɗan ne a kan aikin. Ni da wani abokin aikina muna rubuta kod ɗin ɓangaren sabar, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun masu saye tana amsa su, wata tana kula da fuskar manhajar, akwai mai gwaji, sai shugabar aiki wadda ita ke magana da masu taron.

Ana cikin makon ƙarshe mai gwajin ya turo mini hotunan tikiti biyu. Sunaye daban, lambobin biya daban, amma layi ɗaya, kujera ɗaya. A ƙarƙashinsu ya rubuta: "Malam, duba wannan. Sau ɗaya ya faru lokacin da nake gwajin cunkoso. Na sake gwadawa ya ƙi fitowa."

Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san cewa "sau ɗaya ya faru" ya fi "kullum yana faruwa" tayar da hankali. Matsalar da ke faruwa kullum tana tsaye a gabanka, za ka iya bin sawunta. Wadda ta leƙo ta koma kuwa tana nan a laɓe, tana jiran ranar da mutane dubbai za su shigo lokaci guda, wato ranar buɗe sayarwa kenan.

Nan da nan shawarwari suka fara zuwa, kuma kowace tana da ɗan dalilinta. Mai kula da fuskar manhaja ta ce a kashe maɓallin biya da zarar an danna shi, kada mutum ya danna sau biyu. Abokin aikina ya ce ƙila tsofaffin bayanan gwaji ne suka cakuɗe, a share rumbun bayanai a sake lodawa. Shugabar aiki ta ce akwai wasu injiniyoyi biyu da za a iya aro mana daga wani sashe. Wannan ta ƙarshen na roƙe ta ta dakata da ita. Tun 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin babbar manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya bayyana cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya riga ya makara ƙara masa latti yake yi. Sabon zuwa sai an zaunar da shi an koya masa tsarin, kuma masu koyarwar su ne waɗanda ake buƙata a kan matsalar. Ga kuma yawan magana: tsakanin mutum 5 akwai hanyoyin tuntuɓar juna 10, tsakanin mutum 10 kuwa 45 ne. Na ce mata, "Malama, ki ba ni yau. Ba zan taɓa kod ɗin ba sai na iya sa matsalar nan ta fito duk lokacin da na kira ta."

Na ga fuskarta ba ta so ba, kuma ina fahimtar dalili. Wanda ke kallon kalanda yana son ya ji an fara gyara. Sai dai abin da wa'adi ke yi wa mai rubuta manhaja shi ne ya sa hannunsa ya riga kansa. Za ka canza abu uku bisa zato, ka gwada, matsalar ba ta fito ba, ka ce an gama. Alhali dama ba ta fitowa sai jefi-jefi, don haka rashin ganinta bai tabbatar maka da komai ba. A ganina wannan ne wurin da sauri ke haifar nawa fiye da ko'ina a aikinmu.

Na rubuta wani ɗan gajeren shiri wanda aikinsa ɗaya ne: ya ƙirƙiri masu saye na bogi da yawa, duk su nemi kujera guda. Na gudanar da shi a kwamfutata, mutum ɗaya ya samu, aka ce wa sauran an riga su. Lafiya lau. Na ƙara yawansu, haka dai. Sai na tsaya na tambayi kaina mene ne bambancin kwamfutata da wurin da mai gwajin ya ga abin. Amsar tana cikin saitin. A kwamfutata manhajar tana gudana ne da ma'aikaci guda, wato kwafi ɗaya na shirin, yana karɓar buƙatu ɗaya bayan ɗaya, sai ya gama da wannan ya ɗauki waccan. A sabar gwaji kuwa ma'aikata da yawa ne ke aiki kafaɗa da kafaɗa, kowa da tasa igiyar, wato hanyar sadarwa, zuwa rumbun bayanai. Na mayar da harin masu sayen bogin can. Bayan an yi ta maimaitawa, tikiti biyu suka fito a kujera ɗaya.

Murnata ba ta daɗe ba. Na ƙara layukan da ke rubuta sawun kowace buƙata a kundin aiki don in ga abin da ke gudana, sai matsalar ta ɓace. Na cire su, ta dawo jefi-jefi. Wannan kansa shaida ne. Idan kallon abu kawai yana canza halinsa, to lokaci ne a tsakiyar maganar, domin rubutun kundin yana jinkirta kowace buƙata da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa ya hana su cin karo.

A nan na tuna abin da ya biyo bayan ɗaukewar wutar 14 ga Agusta 2003, wadda ta jefa kimanin mutum miliyan 50 cikin duhu a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontariyo na Kanada. Ɗaya daga cikin dalilanta shi ne na'urar faɗakarwa a ɗakin kula da wuta a jihar Ohayo ta sandare ba tare da masu aiki sun sani ba, saboda sassa biyu na manhajar sun yi rige-rigen taɓa bayani ɗaya. Injiniyoyin da suka binciki abin sun shafe makonni, kuma dabarar da ta taimaka musu ita ce sanya jinkiri da gangan a cikin kod ɗin, don ƙaramar tagar da matsalar ke bi ta buɗe sosai. Na yi irin haka. Na gyara shirina ta yadda duk masu sayen bogin za su tsaya a bakin layi su tashi a lokaci guda, sannan na saka jinkirin rabin daƙiƙa tsakanin wurin da kod ɗin ke duba kujera da wurin da yake rubuta cewa an saye ta. Na gudanar. Kusan duk masu sayen suka sami kujerar. Na sake, haka. Yanzu matsalar tana amsa kira.

Abin da ke faruwa ba shi da wuyar fahimta da zarar an gan shi. Kod ɗin yana yin matakai biyu. Da farko ya tambayi rumbun bayanai ko kujerar nan babu kowa a kai. Idan an ce babu, sai ya rubuta sunan mai saye. Ka ɗauka magatakarda biyu ne ke aiki da littafin rajista ɗaya. Na farko ya duba ya ga gurbin a sarari, ya juya ya ɗauko alƙalami. Kafin ya juyo na biyu ma ya duba ya ga sarari. Kowannensu ya yi aikinsa bisa gaskiyar abin da ya gani, kuma kowannensu ya ba wani mutum daban gurbin.

Abokin aikina ya ce, "To ai matakan biyu suna cikin ƙulli ɗaya, ko dai su tabbata tare ko su rushe tare. Ta yaya hakan zai faru?" Tambaya ce mai kyau, kuma mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Ƙulla matakai wuri ɗaya yana ba da tabbacin cewa ba za a yi rabin aiki a bari ba. Bai ce wani ba zai karanta layin bayanan kujerar da ka karanta a daidai lokacin ba. Rumbun da muke amfani da shi PostgreSQL ne, kuma matakin keɓewar da yake zuwa da shi tun asali, wato ƙa'idar abin da kowace buƙata ke iya gani daga aikin 'yar'uwarta, yana nuna wa kowace tambaya abin da aka riga aka tabbatar kafin ta fara. Karatu kawai ba ya kulle layi. A rubuce yake a cikin bayanan rumbun, ba ɓoyayyen abu ba ne. Rumbun ya yi abin da aka ce zai yi.

Saura tambaya ɗaya da ta dame ni: me ya sa ba mu ga wannan ba a gwaje-gwajen cunkoson da aka yi a baya? Tun da ina da shirin da ke cewa "lafiya" ko "ba lafiya" da kansa, sai na cire jinkirin da na saka, na bar tashin lokaci guda, na sa shirin ya riƙa maimaita harin sau da yawa a kowane zagaye, na haɗa shi da git bisect. Wannan kayan aiki yana raba tarihin canje-canjen kod biyu, ya gwada na tsakiya, ya jefar da rabin da ba ruwansa, ya sake raba ragowar. Ko canje-canje 1,000 ne, matakai kusan 10 sun isa a kai ga mai laifin. Na bar shi yana aiki na tafi na ɗan miƙe ƙafa. Canjin da ya nuna shi ne wanda aka shigar da kiran kamfanin karɓar kuɗi tsakanin duba kujera da rubuta ta. Kafin wannan canji tazarar matakan biyu 'yan milisakan ce, wato ɓangarori kaɗan cikin 1,000 na daƙiƙa. Bayansa sai ta koma tsawon lokacin da saƙo zai je wata sabar ta intanet ya dawo. Ramin dama yana nan tun ranar farko. Canjin faɗaɗa bakinsa kawai ya yi.

Wannan ya kawo mu ga zaɓin da ya fi kowanne jan hankali a irin wannan matsi, wato a janye canjin a koma yadda ake. Aikin minti kaɗan ne, kuma gwajin da aka saba yi zai wuce. Na ƙi yarda da shi, domin ranar sayarwa mutane za su yi dafifi ne a kan kujerun gaba, kuma ƙaramar taga ma idan dubbai suna turereniya a bakinta sai wani ya faɗa. Zaɓi na biyu shi ne a kulle layin kujerar tun lokacin dubawa, sauran su jira. Yana aiki, amma zai sa mu riƙe kulle da igiyar rumbu duk tsawon lokacin da ake jiran amsar kamfanin biya. PostgreSQL yakan zo da iyakar igiyoyi 100 idan ba a canza ba, kuma ko an ɗaga iyakar, masu jira a ranar cunkoso za su cinye su, manhajar gaba ɗaya ta tsaya. Na uku shi ne a ɗaga matakin keɓewa zuwa mafi tsanani, inda rumbun da kansa zai soke ɗaya daga cikin masu karo. Hanya ce mai tsafta, sai dai tana buƙatar kowane sashe na kod ya iya sake gwadawa idan an soke shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muka tsaya a kai shi ne mu mayar da matakai biyun su zama ɗaya. Maimakon a tambaya sannan a rubuta, sai a ba rumbun umarni guda: riƙe wa wane kujera kaza, da sharaɗin har yanzu babu kowa a kanta. Sannan a duba layi nawa umarnin ya taɓa. Idan ɗaya ne, ka samu. Idan sifili ne, an riga ka. Idan umarni biyu suka zo wa layi ɗaya a tare, rumbun yana tsayar da na biyu har na farko ya gama, sannan ya sake duba sharaɗin, ya ga kujerar ta tafi, ya ƙyale ta. Riƙon na 'yan mintuna ne. A cikinsu mai saye zai biya ba tare da mun riƙe wani kulle ba, idan kuma bai biya ba kujerar ta koma kasuwa. A bayan wannan muka kafa shinge na biyu a jadawalin tikiti, ƙa'idar da ke hana tikiti biyu masu rai su ɗauki taro ɗaya da kujera ɗaya. Ko wani ya rubuta kod mai kuskure nan gaba, rumbun ba zai karɓa ba. Kafin ƙa'idar ta zauna sai da muka share tagwayen tikitin da gwaje-gwajenmu suka bari, domin ba ta kafuwa a kan jadawalin da ke da maimaici.

Na mayar da jinkirin rabin daƙiƙa, na gudanar da shirin. Mutum ɗaya ya samu, sauran aka sallame su. Na yi ta maimaitawa, sakamakon bai canza ba. Wannan ne amfanin wahalar da aka sha a farko. Gwajin da ɗazu yake faɗuwa kowane lokaci yanzu yana wucewa kowane lokaci, kuma wannan magana ce da zan iya kai wa shugabar aiki ba tare da "ina jin" ko "wataƙila" ba.

Mai gwajin bai bar mu mun huta ba, kuma na gode masa. Ya ce, "Malam, ka gwada masu sayen kujera biyu-biyu?" Ban kai can ba tukuna. Muka gwada, sai wasu buƙatun suka riƙa tsayawa na kusan daƙiƙa guda sannan su faɗi. Kundin rumbun ya faɗi dalili ƙarara: cirko-cirko. Wani ya kama kujera ta 12 yana neman ta 13, wani ya kama ta 13 yana neman ta 12, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya saki. PostgreSQL yakan jira daƙiƙa 1 kafin ya bincika ko an shiga irin wannan hali, idan ya tabbatar sai ya soke ɗaya don ɗayan ya wuce. Maganin layi ɗaya ne na kod: a jera lambobin kujerun daga ƙarama zuwa babba kafin a fara kamawa. Idan kowa yana bin jeri ɗaya, ba yadda za a yi mutum biyu su riƙe wa juna hanya. Tun muna wurin muka rufe wata ƙofar kuma. Kamfanonin biya sukan sake turo sanarwar "an biya" idan ba su ji amsa da wuri ba, don haka muka sa lambar kowane biya ba ta shiga sau biyu.

Sai magana mai nauyi. Akwai wani sashe da aka yi wa masu taron alkawari, wanda zai ba mutum damar musanya kujerarsa da wata bayan ya saya. Shi ma duba-sannan-rubuta yake yi, kuma a kan kujeru biyu lokaci guda, ga lissafin cikon kuɗi a tsakiya. Lokacin da ya rage ba zai isa a sake shi a kuma gwada shi yadda ya kamata ba. Na je na sami shugabar aiki na ce, "Malama, sayarwa ta gyaru, ga sakamakon gwaji. Musanya kuma ba zan iya tsaya mata ba a wannan makon. Shawarata a kashe ta ranar buɗewa, wanda ke son canji ya rubuto a yi masa da hannu, mu sake ta bayan an gwada." Ta tambaye ni ko babu wata dabara. Na nuna mata abin da shirin gwajin ke yi wa sashen musanyar a gabanta, kujera ɗaya ta tafi hannun mutum biyu. Ta yi shiru, sannan ta ɗauki waya ta kira masu taron. Ba su ji daɗi ba, amma da aka ce musu zaɓin yana tsakanin jinkirta musanya da samun baƙi biyu suna jayayya a kan kujera a cikin zaure, ba su ja maganar ba. Ina ganin da an ɓoye musu, ranar taron ce za ta faɗa musu, kuma a gaban jama'a.

Ɗora gyaran a kan sabobin gaske ma aiki ne mai zaman kansa, kuma a nan gajiya ta fi yin ɓarna. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45, kuma tushen abin shi ne an ɗora sabon kod a sabobi bakwai an bar ta takwas da tsohon. Saboda haka na ƙi ɗorawa cikin dare da idanu masu nauyi. Muka kwana, da safe abokin aikina ya karanta kowane layi na gyaran da idon wanda bai rubuta shi ba, ya ma gano wani saƙon kuskure da zai ruɗa mai saye, muka gyara shi ya koma "Wani ya riga ka ɗaukar wannan kujera, zaɓi wata." Muka rubuta matakan ɗorawa a jere, da matakan komawa baya idan abu ya ɓaci. Muka fara kafa ƙa'idar rumbu, sannan kod, sannan muka tambayi kowace sabar lambar sigar da take gudanarwa, ɗaya bayan ɗaya, har muka ga duk sun yi daidai.

Da lokacin buɗe sayarwa ya yi, ina da taga biyu a buɗe a gabana. Ɗaya tana ƙirga buƙatun da aka mayar saboda an riga su, ɗayar tana neman duk kujerar da ke da tikiti fiye da ɗaya. A mintunan farko ƙirgen farko ya yi ta hawa da sauri, mafi yawa a kan layukan gaba kamar yadda muka zata, kuma kowace lamba a cikinsa karo ne da tsohon kod zai iya barin ya wuce. Taga ta biyu ba ta nuna komai ba har aka sayar da kujerun gaba kaf, cunkoson ya lafa.

A makon da ya biyo baya muka shigar da shirin harin nan cikin gwaje-gwajen da ke gudana da kansu duk lokacin da wani ya kawo canji, tare da jinkirin da ake kunnawa a wurin gwaji kawai. Sashen musanya muka sake rubuta shi da umarni mai sharaɗi da jerin kamawa iri ɗaya da na sayarwa, mai gwajin ya yi masa ruwan buƙatu har ya gamsu, sannan aka kunna shi tun kafin ranar taron.